Tsakanin Ƙofar Gida da Ƙofar Fada: Shin Musulunci Ya San Ƙungiyoyin Farar Hula?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin shari'a ne a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ina aji uku. Mun kafa wata 'yar ƙungiya a Tudun Wada, Musulmi da Kirista, muna bin diddigin kuɗin da ake ware wa asibitin unguwa da makarantun firamare. Wani abokina ya ce wannan aikin 'yan koren Turawa ne, wai Musulunci shugaba da talakawansa kawai ya sani, babu wata ƙungiya a tsakani. Wani kuma ya ce ai Yarjejeniyar Madina ta gama magana, ita ce dimokuraɗiyya tun Turawa ba su farka ba. Wa ke da gaskiya a cikinsu?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya yi wa karatu albarka. Abokinka na farko bai karanta tarihi ba, na biyun kuma ya karanta amma ya yi gaggawar rufe littafin. Zan fi daɗewa a kan na farkon, domin kuskurensa ya fi yaɗuwa a garin nan.

Mu fara da sunan. "Farar hula" kalma ce da muka saba da ita a zamanin mulkin soja, ana nufin wanda ba ya sanye da kaki, shi ya sa da an ce ƙungiyoyin farar hula sai hankalin mutane ya tafi ga masu farar mota da taron bita a otal ɗin Abuja. Abin ya fi haka faɗi nesa. Ana nufin duk wani haɗuwa da mutane suka yi da ganin damarsu a filin da ke tsakanin ƙofar gidansu da ƙofar fada. Gayyar noma tana ciki. Adashin matan Kusfa yana ciki, haka kwamitin masallacin unguwa, da 'yan sintiri, da zawiyyar 'yan ɗarika, da ƙungiyar 'yan tireda a kasuwar Sabon Gari. Marubutan Larabawa na zamani ma sun yi sa-in-sa a kan sunan: wasu suna cewa mujtama'ul madani, wasu suka ce a'a, mujtama'ul ahli ya fi dacewa, domin shi ne ya haɗa da irin waɗannan tsofaffin hanyoyin da al'umma ke tallafar kanta da su.

To, ina wannan filin yake a fikihu? Yana cikin babin da ka karanta tun kana makarantar allo da zaure, sai dai ba a nuna maka shi da wannan fuskar ba: farillar kifaya. Wankan gawa da sallarta, neman ilimi mai zurfi, ciyar da mai yunwa, ceton wanda ruwa zai ci, koyon sana'o'in da gari ba ya rayuwa sai da su. Wa aka ɗora wa waɗannan? Jama'a. In wasu sun yi, an sauke wa kowa. In kowa ya bari, kowa ya yi zunubi, kuma ba a ce zunubin na sarki ne shi kaɗai ba. Shari'ar da ta rataya wa jama'a wajibi a wuya ba za ta hana su haɗuwa su sauke shi ba. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida da ta ce a taimaki juna a kan aikin ƙwarai da taƙawa, da aya ta 104 a Ali Imrana da ta ce a samu wata jama'a daga cikinku mai kira zuwa ga alheri, duk da jam'i aka yi maganar.

Game da haɗuwarku da Kirista kuwa, ka tuna wa abokinka Hilful Fudul. Wani baƙo mutumin Zubaid ya kawo haja Makka, Al-As bin Wa'il ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an suka yi rantsuwa cewa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci taron yana saurayi, kuma bayan annabta ya ce da za a kira shi zuwa ga irinsa a Musulunci da ya amsa. Waɗanda suka ƙulla wannan alkawari masu bautar gumaka ne. Ku kuwa da ma'abota littafi kuka haɗu, a kan maganin zazzaɓi da kujerun 'yan firamare.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi a wurina tana cikin rayuwar malaman da muke bin mazhabobinsu. Ka dubi Imamu Malik, wanda duk ƙasar nan da fikihunsa muke alwala. Halifa Abu Ja'afar Mansur, a wata riwayar kuma Haruna Rashid, ya nemi ya mayar da Muwaɗɗa doka guda a kan dukkan garuruwan Musulmi. Ka san malami nawa ne a yau zai ƙi wannan tayin? Malik ya ƙi. Ya ce sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari da abin da ya iske su na ilimi, a bar mutane a kan abin da suka zaɓa. Wato mutumin da aka miƙa wa sandar hukuma don ya tilasta fahimtarsa, shi ne ya mayar da ita. Kuma shi ɗin ne gwamnan Madina ya sa aka yi wa bulala saboda fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta bai auku ba, domin masu mulki sun gane inda maganar ta dosa: in sakin dole ba saki ba ne, mubaya'ar dole ma haka take. Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalanci, ya rasu a Bagadaza a shekarar 767 bayan ya sha ɗauri a kan haka. A 833 Halifa Ma'amun ya ƙaddamar da jarrabawar nan ta cewa Alƙur'ani halitta ne, yana son fada ta zama ita ke yanke aƙida. Ahmad bin Hambal ya sha bulala da kurkuku a zamanin Mu'utasim, bai sauya ba, har Mutawakkil ya zo ya janye abin. Daga nan aka zauna a kan cewa sarki yana da takobi da baitulmali, amma fassara addini yana hannun malamai, su kuma malaman ba su da fafaroma, mazhabobi huɗu suna zaune a gari ɗaya kowa da alƙalinsa da almajiransa. Daga wannan zaman ne aka fitar da ƙa'idar da ke cewa ba a inkari a kan mas'alolin ijtihadi.

Sai dai jarumtar mutum ɗaya ba ta riƙe al'umma ƙarni goma. Abin da ya riƙe malaman shi ne aljihunsu bai haɗu da na sarki ba, kuma sunan wannan aljihun waƙafi. Tun gonar Sayyidina Umar ta Khaibar da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa jama'a, Musulmi suka gano hanyar da mutum zai tsare dukiya, ba a sayarwa, ba a gado, ba a kyauta da ita, amfaninta na tafiya ga abin da ya ambata. Masallacin Ƙarawiyyin na Fas, wanda ake jingina kafa shi a 859 ga wata mata, Fatima al-Fihriyya, haka ya rayu. Makarantu, asibitoci, rijiyoyi, masaukin matafiya, albashin limami da ladan da abincin ɗalibi, mafi yawansu a Alƙahira da Dimashƙa da Istambul daga waƙafi suke fita. Ayyukan da yau muke jiran ma'aikatar ilimi da ta lafiya su yi, a da jama'a ke yin kayansu.

Ka lura da abin da masu mulki na zamani suka fara kai wa hannu da suka so tanƙwara malamai. Sarkin Musulmi Mahmud na Biyu na Daular Usmaniyya ya kafa ma'aikatar waƙafi a 1826, ya tattara su ƙarƙashin fada. Muhammad Ali ya ƙwace filayen waƙafi masu yawa a Masar, sannan Jamal Abdul Nasir ya zo da dokar 1961 da ta mayar da Azhar ƙarƙashin gwamnati, ta kuma ba shugaban ƙasa ikon naɗa Shehinta. Saboda haka hoton nan da abokinka yake gani, na shugaba a sama talakawa a ƙasa babu kowa a tsakani, hoton gwamnatocin ƙarni na ashirin ne. Abin dariya ma, wani masani Bature, Ernest Gellner, ya rubuta a 1994 cewa al'ummar Musulmi kishiyar farar hula ce. Abokinka da ke zagin Turawa, maganar Bature yake maimaitawa bai sani ba.

Mu dawo gida. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kusan shekara 30 yana wa'azi da karantarwa kafin hijirar Gudu a 1804, kuma sunan da mabiyansa suka kira kansu da shi "Jama'a" ne. Da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar idi ya raba musu dukiya, Shehu ya ƙi karɓar rabonsa, ya nemi abu biyar a madadinsa: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda zai amsa, a girmama masu rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Ka sake karanta jerin nan da idon ɗalibin shari'a. Akwai 'yancin magana, akwai 'yancin taro, akwai haƙƙin ɗaurarru, akwai adalcin haraji. Da Shehu ya cika aljihu a ranar, da bakinsa bai iya furta ko ɗaya ba. Bayan an kafa daula ma sukan bai tsaya ba: Malam Abdullahi ƙaninsa ya ga yadda son mulki da tara dukiya suka shiga cikin jama'a, ya bar sansani da niyyar tafiya gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam. Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru, jajis suna yawo ƙauye-ƙauye da malfa a ka suna koyar da mata, ba da kuɗin baitulmali ba. Nan Zazzau, zaurukan karatu na Unguwar Juma da Kona sun rayu ne a kan noman malam, da sadakar maƙwabta, da kuɗin Laraba. Waƙafi mai rubutacciyar takarda bai yi ƙarfi a ƙasar Hausa ba kamar yadda ya yi a Masar, kuma ina ganin wannan giɓin yana cikin abin da ke cin mu har yau. Zan dawo kansa.

Yanzu ga abokinka na biyu. Takardar Madina gaskiya ce, Ibn Hisham ya kawo ta daga Ibn Ishaƙ, kuma har masanan Turai masu tsananin shakka sun yarda tsohuwa ce ta asali. A cikinta an bar wa kowace ƙabila tsarinta na biyan diyya da fansar kamammu, an ce Yahudun Banu Auf al'umma ce tare da muminai, Yahudu da addininsu Musulmi da nasu, kuma kare Yasriba ya hau kan kowa. Wannan ba ƙaramin tushe ba ne. Yana tafiya da aya ta 48 a Ma'ida, cewa da Allah ya so da ya sanya ku al'umma ɗaya, da aya ta 40 a Suratul Hajji inda aka ambaci ɗakunan ibadar ruhubanawa da coci-coci da wuraren ibadar Yahudu tare da masallatai a cikin abin da ake karewa daga rushewa.

Amma takardar ba ta san zaɓe ba, ba ta san jam'iyyar adawa ba, kuma wanda ake mayar wa saɓani Annabi ne mai wahayi, abin da babu wani shugaba bayansa da zai yi da'awarsa. Fikihun da ya biyo baya kuma ya ginu ne a kan zimma: wanda ba Musulmi ba yana da aminci a ransa da dukiyarsa da ibadarsa, yana biyan jiziya, amma ba ya riƙe manyan muƙaman mulki. A zamaninsa wannan ya fi abin da Yahudu suka gani a Turai nesa ba kusa ba. Sai dai kariya daban, daidaito daban. Kuma mu 'yan Zazzau bai kamata mu yi kamar ba mu san cewa mutanen kudancin lardin nan suna da nasu tunanin game da zamanin hare-hare da bauta ba. In ka zauna da abokinka Bajju ko Atyap kana ba shi labarin adalcin daula, ka bar masa fili ya ba ka labarin kakanninsa. Tafiya daga zimma zuwa zama 'yan ƙasa masu haƙƙi ɗaya aikin ijtihadi ne sabo, kuma malamai sun yi shi a fili. Fahmi Huwaidi na Masar ya yi littafi a kai da sunan "'yan ƙasa ne, ba 'yan zimma ba". Rashid Gannushi na Tunisiya ya faɗaɗa maganar a littafinsa na 1993 kan 'yancin jama'a a daular Musulunci. A Janairun 2016 malamai da dama suka taru a Marrakesh, Shehu Abdullahi bin Bayyah yana cikin jagororinsu, suka ce zimma yarjejeniya ce ta wani yanayi, kuma takardar Madina ta fi dacewa ta zama madogarar zaman 'yan ƙasa a yau. Akwai masu ja, musamman waɗanda suka bi Maududi da Sayyid Ƙuɗub a kan cewa hukunci na Allah ne shi kaɗai, don haka majalisar da mutane ke yin doka ta shiga hurumin da ba nata ba. Amsar da na gamsu da ita ita ce nassi ba ya tashi ya zartar da kansa. Dole wani ɗan Adam ya fassara ya aiwatar, kuma tambayar ita ce ko za a iya ce wa wannan ɗan Adam ɗin ya yi kuskure, a kuma sauke shi ba tare da jini ya zuba ba.

Inda aka fi gwada wannan a aikace shi ne Indunisiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. Suna da Muhammadiyya tun 1912 da Nahdatul Ulama tun 1926, duk sun girmi ƙasar kanta. Muhammadiyya kaɗai tana da manyan makarantu fiye da 100, ban da asibitoci. Da Suharto ya faɗi a 1998, waɗannan ƙungiyoyin suna cikin waɗanda suka taimaka ƙasar ba ta tarwatse ba, har shugaban Nahdatul Ulama, Abdurrahman Wahid, ya zama shugaban ƙasa a 1999. 'Yan agajinsu suna gadin coci ranar Kirsimeti, ɗayansu ma bam ya kashe shi a bakin wannan aikin a Disambar 2000. Amma kada ka ɗauka ƙungiya mai zaman kanta kullum alheri ce: matasan Nahdatul Ulama ɗin suna cikin waɗanda suka yi kisan gillar 1965 a kan waɗanda aka zarga da kwaminisanci, kuma Wahid da kansa ya nemi gafara daga baya.

Garin nan namu ya ga fuskokin biyu. A Zariya da Kaduna aka fara haɗa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, tun tana ƙungiyar al'adu, kuma wanda ya shugabance ta Dokta Barau Dikko ne, likitan farko daga Arewa, Bafulatani Kirista tashin Wusasa, su Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo suna tare da shi. Babu wanda ya ce shugabancinsa ya karya alwala. Hajiya Gambo Sawaba daga Sabon Gari ta sha ɗauri a kan haƙƙin mata da talakawa, yau asibitin Ƙofar Gayan da sunanta ake kiransa. A garin nan kuma, a Maris na 1987, rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso aka ƙona coci-coci. Ina nan a lokacin, kuma waɗanda na gani a kan titi ba daga sama suka faɗo ba, yaran da muka sani ne.

Sannan ga arangamar sojoji da 'yan Shi'a a Disambar 2015. Mutanen Gyallesu da masu bin titin Sakkwato sun daɗe suna kuka da tare hanya da halin ko-in-kula na mabiya Harkar Musulunci ga hukuma, kuma kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ya tabbatar da wannan laifin. Shi wannan kwamitin dai ya tabbatar da cewa fiye da mutum 340 aka kashe aka binne a rami ɗaya, ya kuma ce sojoji sun yi amfani da ƙarfi fiye da kima. Ni ba ɗan Shi'a ba ne, na sha yin raddi a kan aƙidarsu. Amma na ji da kunnena wasu masu rawani suna hamdala, ƙungiyoyi da yawa kuma suka yi gum. A nan ne muka fāɗi jarrabawar Imamu Malik. Shi an ba shi sanda ya ƙi karɓa. Mu kuwa kowace ƙungiya addu'arta gwamnati ta ara mata sandar ta kwaɗa wa kishiyarta. Tun kafuwar Izala a Jos a 1978 da gumurzunta da 'yan ɗarika, sau nawa aka kai ƙarar juna gidan gwamnati a kan masallacin Juma'a? Duk wanda ya kira hukuma ta rufe bakin abokin saɓaninsa ya koya mata hanyar gidansa.

Ƙungiyoyi ba su ne muka rasa ba. Jama'atu Nasril Islam tana nan tun 1962, ƙungiyar ɗalibai Musulmi tun 1954, ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN tun 1985 tana gina makarantu da asibitoci, sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa damar kafa tasa. Aljihu muka rasa. Kujerar Makka, motar da gwamna ya ba shugaban ƙungiya, buhunan shinkafar azumi: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na taɓa zama a kwamitin wani masallaci da wani ɗan takara ya kawo mana janareta ana saura wata biyu zaɓe. Na ce a mayar, aka rinjaye ni da ƙuri'a, kuma ban ga laifin tsofaffin da suka gaji da sallar asuba a duhu ba. Bayan shekara guda kwatar unguwar ta toshe, ruwa ya ci gidaje uku, aka ce a rubuta takardar koke, sai kowa ya sunkuyar da kai. Da masallacin yana da shaguna huɗu na waƙafi da ke sayen mai, da takardar ta tafi ranar.

Don haka ku ci gaba da aikinku, halal ne, ina ma ganin yana cikin farillar kifayar da kuke sauke mana. Sai dai ku rubuta duk kwabon da ya shigo da wanda ya ba da shi, ku manna a inda kowa zai gani, ko daga ɗan siyasa ya fito ko daga wata hukumar ƙasar waje, domin a wannan gaɓar zargin abokinka yana da ƙamshin gaskiya. Gara ku dogara da karo-karon ɗari biyar-biyar na membobinku. Kada ku faɗi adadin da ba ku ga takardarsa ba. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kai ɗalibin shari'a ne, ka san yadda ake rubuta buƙata a ƙarƙashinta. Ku riƙa karɓa-karɓar shugabanci tsakaninku, kuma ku sa taronku a lokacin da bai ci sallar Juma'a ba, bai ci sujadar Lahadi ba. In kun gama rahotonku na farko a kan asibitin, ka kawo mini kwafi ofis, ka zo da abokin naka na farko, ina da juzu'in Tartibul Madarik na Alƙali Iyad da zan ara masa ya karanta labarin bulalar Malik da kansa.